Ramukan kuza na Jos: wa zai mayar mana da su lambu?

Jama'a, damina ta kankama, kuma kun san abin da ke biye. Lokacin bikin dashen itatuwa ya zo. Za a kafa rumfa, a jera kujerun roba, babban baƙo ya iso da jiniya, a miƙa masa sabon shebur, ya tura ƙasa sau biyu, a ɗauki hoto, a watse. Kafin watan Maris awaki da rana sun raba abin da aka dasa a tsakaninsu. Ni ban ƙi a yi dashe ba, Allah Ya ba da lada. Tambayata ita ce: a ina ake dasawa, kuma wa ke zama da dashen bayan an kwashe rumfa?

Don mu a Jos muna da wurin da ya fi ko'ina buƙatar itace, amma ba a cika kai babban baƙo can ba, saboda takalminsa zai ɓaci. Ina nufin ramuka da tsibin ƙasar da haƙar kuza ta bar mana. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya gan su. Tuddai jajaye da farare kamar an zube su jiya, ruwa ya zaizaye gefensu, ga kududdufi a gindin kowanne, ruwan shuɗi ko kore, shiru kamar ba ya cin mutum. Baƙo ya gani ya ce kai, Filato akwai tafkuna masu kyau! Ba tafkuna ba ne, malam. Ramuka ne da injin ya haƙa, ruwa ya cika su. Akwai ɗaruruwansu, daga Rayfield da Mai Adiko, zuwa Sabon Gidan Kanar, Bisichi, Gana Ropp, Dorowa Babuje, har can Bokkos.

Kuza ba Bature ne ya gano ta ba. Tun kafin zuwansa maƙeran Liruwe suna narka ta, fatake suna yawo da ita. Amma haƙa irin ta kamfani ta fara ne a farkon shekarun 1900, kuma cikin ɗan lokaci aka mayar da tudun nan kamar gonar da aka yi wa kaftu. Saboda kuza aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Bukuru a 1914. Saboda kuza aka kafa tashar lantarki a Kurra, har ma'aikatun haƙa suka samu wuta tun manyan garuruwa da yawa suna kwana da aci-bal-bal. Da Japan ta ƙwace Malaya a yaƙin duniya na biyu, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, kuma sanyin Jos da cuta da yunwa sun kashe da yawa daga cikinsu. Kakana na wajen uba a wannan zamanin ya zo, ya tsira, ya zauna. Shi ya sa in na kalli tsibin ƙasar nan ba na ganin tarihin wasu. Wani ɓangarensa da kwano aka ɗauko shi a ka, kuma kan kakana na ciki.

Daga baya kasuwa ta yi ta ja da baya, mai ya zo ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan a 1985 farashin kuza ya rushe a duniya. Manyan kamfanoni suka tattara, aka bar injuna suna tsatsa a daji. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da haƙar ta lalata ta haura murabba'in kilomita 300. Ku tsaya ku auna wannan a ranku. Ƙasar noma ce ta mutanen wurin, Birom da maƙwabtansu, gonakin acca da dankali da makiyaya, aka juye cikinta waje.

Abin da ya sa nake maganar yanzu shi ne, ramukan da a da suke bayan gari, yau gari ya iske su. Jos da Bukuru sun haɗe. Gidaje sun kewaye kududdufai, yara suna bi ta bakinsu in za su makaranta. Kuma kududdufin kuza ba irin na unguwa ba ne da ake shiga a hankali ruwa yana hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Gefensa a tsaye yake kamar bango. Taku ɗaya kana tudu, taku na biyu ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, ga ruwan sanyi ƙarara da ke ɗaure jijiya, ga laka a ƙasa mai riƙe mutum. Muna yara akwai wani sa'anmu da muke karatun allo tare, ranar Alhamis ya bi yara wanka, sai washegari bayan Juma'a aka fito da shi. Har yau ina tuna allonsa a jingine a zaure, babu wanda ya iya taɓawa. Allah Ya jiƙansa. Ku tambayi duk wanda ya tashi a Bukuru ko Barikin Ladi, Musulmi ko Kirista, zai ba ku irin wannan labarin da wani suna daban.

Ban da nutsewa, akwai abin da ido ba ya gani. Yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza yana ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da tururin da sai na'ura ke iya aunawa, irin wanda in ya yi yawa yake cutar da jiki a hankali. Mutane kuwa suna ɗibar yashin nan su yi bulo da shi, su yi filasta, su kwana a ciki. Ba kowane tsibi ne ke da haɗari ba, amma wa ya auna ya ce mana wannan lafiya, wancan a guje shi?

To, me ake yi da rami? Ba mu kaɗai muka gaji rami ba, kuma wasu sun yi abin kirki da nasu.

A birnin Paris na Faransa akwai wani lambu da ake kira Buttes-Chaumont, kusan hekta 25. Da can wurin haƙar dutsen da ake yin farar ƙasa ne, daga baya ya zama juji. A 1867 aka buɗe shi a matsayin lambun jama'a, kuma a unguwar talakawa yake, ba ta masu kuɗi ba. Ganuwar dutsen da masu haƙa suka bari ita ce ta zama adon wurin. A Ingila ma akwai Eden Project, wanda aka gina cikin tsohon ramin farar laka aka buɗe a 2001. Na san wani zai ce, to ai su Turawa ne, suna da kuɗi. Na yarda. Shi ya sa misalin da ya fi zama mini a rai na nan Afirka ne.

A Mombasa ta Kenya, kamfanin siminti na Bamburi ya shekara da shekaru yana yankar dutse a arewacin gari, har ya bar fili fetal, fari tas, babu ƙasa sai dutse, ga zafi, ga gishiri a ruwan ƙasa. A 1971 wani masanin noma ɗan Suwizalan mai suna René Haller, ma'aikacin kamfanin, ya fara gwada dashe a wurin. Ya gwada iri 26. Uku kacal suka rayu. Wanda ya fi jurewa shi ne kasuwarina, wata bishiya mai ganye kamar allura, wadda saiwarta ke samar wa kanta taki daga iska. Amma sai ga matsala: ganyen yana zuba ya taru, ba ya ruɓewa, don babu wani abu mai rai a wurin da zai ci shi. Kun san da me ya warware wannan? Da ƙadandoniya. Eh, ƙadandoniyar nan da muke takawa mu wuce. Ya lura akwai wata mai jajayen ƙafafu da ke cin busasshen ganyen, sai ya sa aka tattaro su aka zuba a cikin dashen. Suna ci suna kashi, kashin yana zama baƙar ƙasa. Shekara bayan shekara ƙasa ta yi kauri a kan dutse, har ta kai an dasa itatuwan asalin yankin a inuwar na farko. Tsuntsaye da birai suka kawo nasu irin. Yau wurin sunansa Haller Park, akwai raƙuman dawa da dorinar ruwa da kadoji, 'yan makaranta suna zuwa cikin motoci. Mutum zai shiga ya rantse daji ne tun fil azal.

Abin da nake so ku riƙe a labarin nan ba dorinar ba ce. Mutumin ya fara da ƙasa ne kafin itace, ya yarda iri 23 su mutu don ya gane ukun da za su rayu, kuma ya zauna a wurin shekaru aru-aru. Wanda ya haƙa ramin kuma shi ya biya kuɗin gyaransa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Mu ma fa an taɓa gwadawa, kada a ce ba a yi komai ba. Dokar ma'adinai ta 1946 ta fara maganar gyara ƙasa bayan haƙa, kuma daga baya aka kafa sashen da ke baje tsibi, ya cike wasu ramuka, ya dasa itacen turare. Duk dogayen turaren da kuke gani jere-jere a wajen Bukuru da hanyar Barikin Ladi, da yawansu daga nan suka samo asali. Niyyar ita ce itacen ya farfaɗo da ƙasa, daga baya a mayar wa manoma. Turaren ya yi girma, ya ba da itacen girki da sandunan gini, ya riƙe ƙasa daga zaizaya, wannan ba a musu. Amma ku shiga ƙarƙashinsa ku duba. Ƙasa a tauri, ganye a bushe ba ya ruɓewa, ciyawa ma da ƙyar. Masu bincike daga jami'ar Durham ta Ingila da suka yi aiki tare da Jami'ar Jos sun auna ƙasar bayan shekaru, suka ga ba ta farfaɗo yadda aka yi fata ba, har tsami take ƙarawa. Mun samu kasuwarinarmu, ba mu samu ƙadandoniyarmu ba. Kuma abin da aka gyara ɗan kaɗan ne a kan abin da aka ɓata.

Wani abin mamaki, waɗanda suka fi kowa iya farfaɗo da ƙasar kuza ba su da ofis ba su da digiri. 'Yan lambu ne. Ku je bakin kududdufai da rani ku gani: injin ban ruwa yana ta ƙara, ga karas, ga kabeji, ga latas, ga tumatir da koren wake, a kan ƙasar da aka ce ta mutu. Da me suka tashe ta? Da tokar bola da suke saye daga cikin gari, da kashin shanu da na kaji, da haƙuri. Kayan miyan da ake lodawa zuwa Abuja da kudu, wani kaso daga bakin ramukan nan yake fitowa. Saboda haka duk wanda zai zo da zanen lambun shaƙatawa a takarda, ya fara da korar mai kabeji, wallahi ni ba na tare da shi. Mutumin da ya shekara ashirin yana gyara ƙasar da gwamnati ta manta da ita, shi ya kamata a fara ɗauka aikin renon dashen, a bar masa gefensa na lambu, a kuma auna masa ruwan da tokar don a tabbatar abin da muke ci lafiya ne.

Ga yadda nake ganin abin, a matsayina na ɗan gari ba masani ba. Kada a ce za a gyara ramuka ɗari. A ɗauki guda uku ko huɗu da gari ya riga ya kewaye. A fara da awo: zurfin ruwan, abin da ke cikinsa, da yashin da ke gefe. Wanda awo ya nuna yana da haɗari a rufe shi da ƙasa mai kauri, a killace. Sannan a sa katafila ta kwantar da gefen ramin ya zama gangare, yadda ko yaro ya zame zai iya rarrafowa. Wannan kaɗai, ko ba a dasa ko tsinke ba, zai rage makoki a unguwanni. Daga nan a kafa jema da gamba su riƙe ƙasa, a zuba taki, a sa itatuwa masu jure wuya su yi inuwa, sai a bi da namu na gida: ɗorawa, maɗaci, ɓaure, cediya, malmo a bakin ruwa, da atili wanda duk ɗan Filato ya san daɗinsa. Turare a bar shi can gefe ya tare iska, kada ya zama shi ne dajin.

Kuma a sa albashin mai ban ruwa da mai gadi na shekara biyar a cikin kasafin tun ranar farko. Ramin ma ya zo da ruwansa, abin da masu dashe a Sakkwato da Yobe suke nema ido rufe. A ce dashe ya mutu da ƙishi a bakin kududdufi, ai abin kunya ne.

Kuɗi fa? Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya gabatar da tsarin gyaran wuri, ta kuma tanadi asusu na musamman da masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi don wannan aikin. Ina so wakilanmu a majalisa su tashi su tambaya a fili: nawa ne a asusun, kuma rami nawa aka gyara da shi? Ga kuɗin kula da muhalli da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga tarayya. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. In ƙasar kuza ba ta shiga lissafin ƙasar da ta lalace ba, to wace ce za ta shiga? Matsalar da na hango ita ce tsarinmu kansa: ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, ƙasa kuma tana hannun gwamna bisa dokar 1978. Abuja ta ba da lasisi ta karɓi kuɗi, jiha ta gaji rami. In ka je nan a ce je can.

Kuma haƙar ba ta tsaya ba. Farashin kuza ya sake tashi, matasa sun koma ramukan loto, suna zurawa cikin ƙasa da igiya, rami yana ruftawa da su. A farkon 2025 gwamnatin jihar ta kai ga dakatar da haƙa gaba ɗaya na wani lokaci. Ba na zagin yaron da ya shiga rami don ya ci abinci. Amma in aka dasa wuri yau, gobe aka ji akwai sauran kuza a ƙarƙashi, cikin mako guda za a tone shi. Dole wurin da aka zaɓa a fitar da shi daga taswirar lasisi, a kuma ɗauki matasan unguwar aiki a ciki, don wanda yake karɓar albashi daga lambu ba zai bari a haƙe shi da dare ba.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. A ce an yi duk wannan, wuri ya yi kore, ruwa ya kwanta, iska tana kaɗawa. Na waye? Mun san halinmu. Ranar da rami ya zama abin sha'awa, ranar takardar mallaka za ta fito daga aljihun wani. A zagaye da katanga, a yanka fulotai, a sa wa rukunin gidajen suna mai daɗi da Turanci, 'ya'yan waɗanda suka sha ƙurar wurin shekara sittin su koma leƙe ta ƙofa. Ku dubi abin da ya faru a Mpape ta Abuja. Tsohon wurin fasa dutse ne, wanda dutsensa ya shiga ginin babban birnin, aka bar shi ruwa ya cika. A 2020, lokacin kullen korona, hotunansa suka bazu a intanet, sai ga jama'a tururuwa da tabarmi da kuloli. Me wannan ya nuna? Mutane suna da ƙishin wurin da za su zauna su sha iska, har sun yarda su je bakin rami marar shinge. Cikin 'yan makonni kuma shara ta cika wurin, sai da 'yan sa kai suka zo kwashewa, saboda babu wanda aka ɗora wa alhakinsa. Wuri irin wannan ko dai a bar shi ba mai kula, ko a miƙa wa mai kuɗi ya sa kuɗin shiga da mai 'ya'ya shida ba zai iya biya ba. Ni hanya ta uku nake nema: tun kafin a dasa itace na farko, a zauna da masu ƙasar na asali da masu unguwanni, a biya wanda ya cancanci diyya, a rubuta a doka cewa wannan fili na jama'a ne, ba a yanka shi, ba a sayar da shi. Tafkin Rayfield ya riga ya nuna cewa ramin kuza yana iya zama wurin da iyali za su je su hau kwalekwale. Saura a samu irinsa a unguwar talaka, wanda za a shiga da ƙafa ba tare da an laluba aljihu ba.

Akwai kuma dalilin da mu 'yan Jos muka fi kowa saninsa, ko da ba mu cika faɗa ba. Tun rikicin 2001 garinmu ya rabu. Akwai unguwannin da wani ba ya shiga, akwai waɗanda ɗayan ba ya kwana. Babbar kasuwar Terminus da ke haɗa kowa ta ƙone a 2002. Yaran da aka haifa bayan nan da yawansu sun girma ba su taɓa buga ƙwallo da yaron ɗaya ɓangaren ba. Ba na cewa bishiya za ta sasanta abin da manya suka kasa. Amma ku lura da inda ramukan nan suke: da yawa a tsakanin unguwanni suke, a kan iyakar da ba a zana ba amma kowa ya san ta. Yanzu kufai ne da ake tsoron bi da magariba. In ya zama fili mai inuwa da fitila da benci da wurin ƙwallo, aƙalla an samu wuri ɗaya da mai zuwa daga gabas da mai zuwa daga yamma za su zauna ba don an kira taron sulhu ba. Kakanninmu a rami ɗaya suka yi aiki, kwano ɗaya suka ɗauka.

'Yan'uwa na Kano da Zariya da Katsina, kada ku ce wannan ta mutanen Jos ce. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birni a cikinsu, kuna gani ana cike su da shara ana dasa shaguna, sannan damina ta zo ruwa ya rasa inda zai je sai ɗakunan mutane. Ga ramukan da 'yan kwangilar titi ke bari a bakin kowace sabuwar hanya bayan sun kwashi jar ƙasa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk wanda ke da irin wannan rami kusa da gidansu, ya faɗa mana sunan unguwar, ko an taɓa rasa rai a ciki, da wanda ake cewa shi ke da filin yanzu. In mun tara ko guda ashirin ne, ni da wasu abokai za mu rubuta su a takarda ɗaya, mu kai wa kansiloli da 'yan majalisar jiha kafin a fara zaman kasafin kuɗin baɗi.